Kopila a Ɗakin Sanyi

Kopila ta raba kan kabeji biyu ke nan, wuƙa na hannunta, sai ga Madam Bang mai masana'antar kimchi, wato kabejin Koriya da ake jiƙawa da gishiri da yaji, ta shigo a guje, takalminta ɗaya ya fice.

"Sun zo! Mota uku! Ku watse!"

Babu wadda ta tambayi su wa. Mata goma sha huɗu ne a bakin teburin gishiri, tara daga cikinsu bizarsu ta mutu. Wuƙaƙe suka zube ƙasa, kowacce ta kama gabanta.

Shekara biyar ke nan da Kopila ta baro Nepal da bizar aiki ta wucin gadi, irin wadda Koriya ke ba baƙi tun da samarin ƙauyuka suka ƙare a birni. Wa'adinta ya cika wata bakwai da suka wuce, amma 'yarta Asmita saura shekara guda ta gama sakandare can gida a Pokhara. Sai ta ƙi tafiya, ta koyi tafiya da kai a sunkuye.

Ta nufi ƙofar baya. Ta gilashi ta hango maza biyu sanye da shuɗiyar falmaran ta jami'an shige da fice, sun riga sun tare hanya. Ta juyo, ta faɗa ɗakin sanyi, ta kutsa can ƙurya bayan kwandunan kimchi. Akwai wani ƙaton bahon roba da ake jiƙa kabeji a ciki. Ta shige, ta dunƙule, ta jawo leda ta rufe kanta.

Da ta ji magana, da yanzu tana zaune lafiya.

Ban da wannan aiki, safe da yamma tana kula da wani tsoho mai shanyewar ɓarin jiki, Kaka Gwak. Ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki, shi kuwa yana yi mata tsiya wai miyarta ba ta da bambanci da ruwan wanke shinkafa. Wata maƙwabciya ce ta haɗa ta da aikin. Ɗan tsohon yana aikin gwamnati a Cheongju, ranar Lahadi yake zuwa, ranar hutunta, don haka ba su taɓa haɗuwa ba. A waya suke magana, kalma uku ko huɗu. Sauran kuwa kyamarar da ya maƙala a ɗakin mahaifinsa ke gaya masa.

Yau da asuba ya kira.

"Yau ki zauna da Baba. Kada ki fita."

"Yallaɓai, ai lafiyarsa ƙalau, har zagina ya yi."

"Na ce ki zauna."

Ta amsa da to. Ƙarfe takwas Madam Bang ta kira tana faɗa: tirelar kabeji ta iso, ba isassun ma'aikata, wadda ba ta zo yau ba kada ta ƙara zuwa. Kopila ta gyara wa Kaka bargo, ta ce masa da azahar za ta dawo, ta hau kekenta.

Yanzu ga ta cikin baho, ruwan gishiri ya jiƙa mata wando, sanyi na cin ƙashinta. Ta bangon ƙarfe tana jin komai. Gudun takalma. Wani abu ya faɗi ya tarwatse. Sai muryar Dilmaya, ƙawarta da suke ɗaki ɗaya, tana roƙo da gurɓataccen Koriyanci: "Don Allah, jaririna yana wajen raino, don Allah." Aka rufe ƙofar mota, muryar ta ɗauke.

Haƙoran Kopila suka soma haɗuwa. Ta cusa hannun rigarta a baki ta cije. Yatsun ƙafarta sun daina jin komai. Ta tuna cewa ƙofar ɗakin nan idan aka danna sakatarta ta waje, ba a buɗe ta ta ciki. Ta rasa wanne ya fi: a same ta, ko a manta da ita.

Ƙofar ta buɗe. Haske ya shigo.

Taku ɗaya ne, a hankali. Mutumin yana jan kwanduna, yana leƙa bayansu, layi bayan layi. Ya tsaya. Ya sake matsowa. Ta ji numfashinsa daidai saman kanta.

Aka yaye ledar.

Dogo ne, takunkumi ya rufe rabin fuskarsa, ankwa na lilo a ƙugunsa. Ya haska ta da tocila. Kopila ta haɗa tafin hannunta.

Daga waje wani ya ƙwala kira: "Akwai wani a ciki?"

Jami'in bai ɗauke ido daga kanta ba.

"Ba kowa! Kabeji ne kawai!"

Ya kashe tocilar. Ya koma bakin ƙofa, ya tura wani kwando da ƙafa ya tokare ƙofar don kada ta rufe. Sannan ya dawo ya durƙusa, ya ja takunkumin ƙasa, ya yi magana can ƙasan maƙoshi, da muryar nan da ba ta taɓa ji ba sai a waya.

"Da motocinmu sun tashi, ki ruga gida. Baba ya faɗo daga gado tun ƙarfe goma, ina kallonsa a wayata, kuma ba halin in tafi."