Ranar da Netwok Ya Ɗauke

Auta ya cusa bakin shuɗin kebul a suwich ɗin ofishin ma'aikatan asibiti, wato akwatin da wayoyin kwamfutocin wajen suke haɗuwa, ya lanƙwaso ɗaya bakin ya cusa a ramin da ke kusa. Shi ke nan. Saƙo zai fita ya dawo, ya fita ya dawo, har akwatin ya shaƙe kamar magudanar da shara ta toshe. Ya rufe murfin, ya goge hannu a wando, ya fice abinsa.

Ba a jima ba ihu ya tashi. "Netwok ya ɗauke! Ina Baba Mai Waya?"

To, a nemo shi. Dama abin da Auta ke so ke nan.

A wannan asibitin Mama ta rasu. An kawo ta da jini a ƙwaƙwalwa, aka ɗauki hoton kanta a ƙasa, aka haura da ita hawa na biyu inda likita ke jiran hoton ya fito masa a kwamfuta. Auta, ɗanta na ƙarshe, na zaune kan benci a baranda, ga wayarsa ta mutu. Da ƙyar ya laluba bayan bencin ya samu inda zai jona cajarsa, ya kira yayarsa. Yana cikin maganar ya ji nas tana cewa netwok ya ɗauke. Aka jira. Aka yi ta danne-danne. Kafin wani ya yi dabarar sauka ya ɗauko hoton da hannu, Mama ta cika.

Ranar ko takalmi bai san yadda ya sa ba. Har cajarsa a can ya baro, wadda Mama ta ɗaura wa jan zare don yayyensa su daina yi masa awon gaba da ita.

Daga baya ya ji an kira mai kula da netwok ɗin, wani dattijo da ake ce wa Baba Mai Waya, an tambaye shi me ya faru. Wai sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne." Aka ja masa kunne, ya koma bakin aikinsa. Jan kunne fa! A kan Mama!

Auta ya rufe shagon ɗinkinsa ya tafi koyon aikin. Ya koyi matse kan kebul, ya koyi yadda kowace kwamfuta ke da adireshinta, da yadda suwich na kowane hawa ke kwashe saƙonni ya miƙa wa ɗakin saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan asibitin. Yayarsa ta ce, "Auta, ka bar wa Allah." Ya ce ya bari. Ƙarya yake. Da asibitin ya nemi ƙarin ma'aikaci, shi ya fara isa ƙofa.

Dattijon ya karɓe shi hannu biyu, har da "ɗana". Wannan "ɗana" ta fi komai ƙona wa Auta rai.

Sai ya shiga yi masa aika-aika a hankali. Yau ya ba kwamfuta biyu adireshi ɗaya su yi ta kokawa, gobe ya sassauta kebul a bayan saba. Amma ɓangaren ofisoshi kawai yake taɓawa, bai taɓa zuwa kusa da ɗakunan majinyata ba. Shi ba mai kisa ba ne.

Wannan karon shugabar asibitin ta gaji. Baba yana can yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, gumi har wuya, Auta ya zo ya zare guntun kebul ɗin a gabanta, komai ya dawo. Ya ce, "Ranki ya daɗe, tsufa ne. Ba ya gani." Kafin a tashi aiki an sallami dattijon.

Wallahi Auta ya ji daɗi, har cikin ƙashinsa.

Baba bai yi gardama ba. Ya ce sai ya zagaya da Auta ya damƙa masa komai. A hawa na biyu ya tsaya gaban bencin nan, ya nuna ƙaramin akwatin da ke manne can sama jikin bango.

"Da can wutar wannan suwich ɗin daga soket ɗin bayan benci take. Ni na jona a nan, ganganci ne nawa. Ran nan wani ya zare fulogin, hawan gaba ɗaya ya yanke."

Auta ya ce, "Wa ya zare? Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na tarar da shi a ƙasa yana birgima yana kuka. Me zan ƙara masa, ɗana?"

Ya sa hannu a jakar kayan aikinsa, ya ciro wani abu ya ɗora a tafin Auta, ya ce ya daɗe yana ajiye masa. Farar caja ce, da jan zare ɗaure a wuyanta.