'Yar Katakon Kehinde

Zamanin da Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, take sabuwa, Jatau mai fataucin goro ya ce wa Kehinde ba zai aure ta ba sai ta rabu da 'yar katakon da take goyo. A ganinsa gunki ce.

Da la'asar ta iso rumfarsa, ba goyon. Ya miƙa mata ƙosai. Ta gutsura ta ajiye gefe, sai hannunta ya tsaya.

"Na wa ne wannan?"

"Na Taiwo, abokiyar tagwaitakata. Da ta rasu aka sassaƙa 'yar katakon a madadinta. Haka Yarabawa muke yi, Malam. Ban taɓa ci ni kaɗai ba."

Jatau ya sunkuyar da kai. Bai taɓa tambaya ba.

"Koma ki ɗauko ta."

"Kai ka kore ta. Kai za ka je biko."

Ya dubi abokan fataucinsa da suka zuba ido, sannan ya jawo takalmansa.