Rawanin Kawu Jaɓɓe

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, kowa a Zurmi cewa yake aljanu ne suka shafi ƙanwata Hajo, don ba ta magana, ba ta kallon mutum a ido.

Wata la'asar injin niƙan maƙwabta ya tashi, sai ta toshe kunnuwa tana ihu, tana buga kai da bango. Baba ya ɗauko igiya. Kawu Jaɓɓe, yayan Inna da ke kiwo a Gurbin Bore, ya ce, "Dakata, Malam."

Ya zauna ƙasa a gefenta, bai taɓa ta ba, bai ko dube ta ba. Can ihun ya lafa, ta miƙa hannu ta kama bakin rawaninsa mai warin hayaƙi da nono.

Ya ce, "Ko maraƙi in ya firgita, ba a zo mashi ta gaba."

Yau ɗana ke da irin larurar Hajo, wadda likitoci ke kira galahanga, ma'aikaciyar asibiti tana koya mini in zauna gefensa in jira. Ina zama. Hajo kam la'asar ɗaya ta samu. Kawu na komawa ruga, aka sake ɗauko igiyar.