Cinikin Farko a Shagon Mitwalli

Rudaina ta isa lungun masu kayan hoto da ke bayan kasuwar Ataba a Alƙahira tun ba a ɗaga ƙyauren ko shago ɗaya ba. Ta tsaya, ta zaga, ta sayi burodi da wake ta kasa ci, ta dawo ta sake tsayawa. Gobe Lahadi malaminsu zai fita da 'yan ajin farko ɗaukar hoto a tsohon gari, kuma ya faɗa ba da wasa ba: duk wanda ya zo masa da waya a madadin kyamara, ya jira baɗi.

Sammakon nata da dalili. Kowa a Alƙahira ya san ɗan kasuwa ba ya barin mai cinikin farko ya fita hannu rabbana, don in ya kore shi ya kori arzikin yinin. Abin da ke jakarta bai kai kuɗin tsohuwar kyamarar da ta gani a tagar shagon Hag Mitwalli, wato Alhaji Mitwalli, ba. Al'adar take so ta cike mata giɓin.

Hag Mitwalli ya iso yana tari, ya buɗe, ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa, ya kunna karatu a rediyo. Ta shiga kafin ya zauna. A bayanta wani tsoho ya shigo, siriri, cikin kwat da guga ta cinye wa kala. Ya ja kujerar lungu ya zauna ba tare da an ce masa bismillah ba.

"Yau ma ka yi sammako, Amm Fakhri," in ji mai shagon, yana kiransa Amm, wato baffa, bai ko dube shi ba.

"Barci ne ya ƙi."

Aka sauko da kyamarar. Baƙa ce, mai nauyi, fentinta ya goge a inda babban yatsa ke zama. Hag Mitwalli ya faɗi kuɗinta. Rudaina ta taya.

"Kada ki saya, 'yata," in ji tsohon daga kujerarsa. "Madanninta yana maƙalewa in an yi sanyi."

Ta waiwaya. Ƙawarta Mirna ta gargaɗe ta cewa irin waɗannan shaguna suna ajiye mutum ya yi kamar mai saye, ya yi ta yabon kaya har ka ruɗe. To wannan kushewa yake yi. Lissafin bai ba ta wahala ba: so yake ta tafi, ya ɗauka a araha. Ta ƙara riƙe kyamarar da hannu biyu, ta rage tayinta saboda madannin.

Mai shagon ya harari tsohon, amma bai ce ya fita ba. Shayi ma ya aika aka kawo masa.

Tana ɗaga gilashin sama don ta duba, tsohon ya riga ta. Akwai fumfuna a gefen hagu, in ji shi, kamar saƙar gizo. Ta duba, ga shi kuwa, ɗan mitsitsi. Ta rage. Murfin batir da roba ake ɗaure shi. Ta juya ta, haka ne. Ta rage. Kyamarar ta taɓa faɗuwa a kan dutse, in ji shi, shi ya sa take ƙara a ciki in an girgiza. Ta girgiza, ta ji, ta sake ragewa.

"Kai dai Allah Ya isa tsakanina da bakinka," in ji Hag Mitwalli. "Sha shayinka mana."

Bai sha ba. Ƙafarsa sai kaɗawa take a ƙarƙashin kujera, idonsa yana kan yatsun Rudaina duk inda suka taɓa.

Sauran shaguna suka fara buɗewa. Wani mai jakar baya ya tsaya a tagar yana leƙe. Rudaina ta san da zarar ranar ta yi nisa, ita da kowane mai saye ɗaya ne. Ta zazzage duk abin da ke jakarta a kan kanta, har da na motar komawa gida.

Hag Mitwalli ya duba, ya girgiza kai. "Bai kai ba, 'yar nan. Ko da duk aibin da ya lissafa, bai kai ba."

Ta tattara kuɗinta. Ba dabara take ba, iyakarta ke nan. Ta nufi ƙofa a hankali. A bayanta ta ji tsohon ya sauke numfashi, ta ji ƙarar cokali a kofi.

Ƙafarta ɗaya tana waje mai shagon ya dubi akwatin kuɗinsa da ba a jefa wa ko kwabo ba tun safe.

"Dawo. Ba zan buɗe yini da korar arziki ba."

Ya karɓi kuɗin, ya sumbace su, ya kai goshi, kamar yadda ake yi wa cinikin farko.

"Za ki yi kuka da ita," in ji tsohon, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"In yi kukan da tawa, ya Amm. Kai ma Allah Ya ba ka wata."

Ya miƙe. Ta ɗauka faɗa zai yi. Sai kawai ya gyara mata igiyar kyamarar a wuya, ya ce kada ta bar ta a rana cikin mota, ya koma ya zauna. Ta fita da sauri kafin wani ya sake shawara, ta ratsa Ataba a ƙafa, tana jin daɗin ta kayar da tsohon ɗan kasuwa a wasansa.

A cikin shagon, Hag Mitwalli ya zare la'adarsa, ya tura sauran kuɗin gaban Amm Fakhri.

"Tun bazara kake korar mini masu saye, ina ƙyale ka saboda zaman tare. Na farkon yini dai ba zan kora ba. 'Yarka ta ce in sayar ko nawa ne. Ɗauki ka kai mata, ka ce yau an rabu da kyamararka."