Dodon Bakin Kwalta

Rana ta take tsaka, zafi kamar zai fasa dutse, sa'ad da samari uku suka rutsa dodon garinsu a bakin sabuwar kwalta, gab da Kazaure, shekarar ƙarin albashin Udoji. Babbansu ya riga ya rantse a dandali, in bai kawo jelar dodon ba 'yan mata su ɗaura masa zane. Sauran biyun na ganin gashi buzu-buzu da kofato, suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Shi tasa ƙafar ta ƙi. Ya ɗaga baka, ya ɗana kibiya.

"Samari," in ji dodon da muryar tsufa, "sun sare tsamiyata, sun shimfiɗa wannan baƙin abu. Kwana uku ina son ƙetarawa. Da na sa ƙafa, sai wata ƙatuwa ta taho tana ruri."

"Tifa ce, Baba."

"Ko ma 'yar gidan uban wa ce."

Saurayin ya dubi jelar, ga ta a ƙasa, ga wuƙa a ƙugunsa. Ya duba hagu, ya duba dama, ya riƙe hannun tsohon suka tsallaka a hankali. Dodon ya shige cikin gero, ko waiwaye bai yi ba.