Gwiwar Hannun Robot

Karo na uku ke nan a sati ɗaya Raudatu tana shiga motar Sabon Gari daga Samaru da hannun robot ɗinta a cikin jakar makaranta. Ko yunifom ba ta cire ba. Ta gaji har ba ta iya amsa wa kwandasta, kai kawai take ɗagawa.

Matsalar ɗaya ce, gwiwar da hannun yake juyawa a kai. Da farko bol da noti ta sa. Hannun ya riƙa tafiya yana fizga kamar mai shaƙuwa. Malam Shehu ya kalle shi sau ɗaya ya kau da kai.

Shekara talatin Malam Shehu ya yi a wokshop yana duba aikin ɗalibai. Ba ya faɗa, ba ya yabo. In abu bai yi masa ba, fuska kawai yake juyarwa bango.

Sai ta sayo boris, irin mai ƙananan ƙwallaye a ciki. Wannan kuma santsi ya yi yawa. Hannun ya zo da gudu, ya wuce inda ya kamata ya tsaya, ya ɓata wa Malam gaban riga. Ranar yayanta Suhail ya ce ya ba ta zuwa Juma'a, in Malam bai karɓa ba a kwashe tarkacen nan a huta. Yau Alhamis.

Madam Chinwe mai sayar da kayan fanka da na keken ɗinki ta hango ta tun daga nesa.

"Injiniya, kin dawo? Wannan gasar taku ba ta ƙarewa ne?"

Raudatu ta sunkuyar da kai, ta miƙa mata hannun.

"Nauyin me zai ɗauka?"

"Bai kai ƙwai ɗaya ba, Madam. A hankali nake so ya zo, kar ya yi rawa. Kuma dole ta dama."

"Dama da hagu duk ba ɗaya ba ne wajen inji?"

"Ba zai karɓa ta hagu ba."

Chinwe ta tona wani gwangwani ta fito da bushin, wani ɗan zobe mai kauri na tagulla da aka ciro a tsohuwar fanka, ta haɗa mata da washa biyu na roba. Ta ce boris na mai sauri ne, ita kuwa abin da yake ɗan riƙewa take nema. In ya saki ta ƙara ɗaure notin, in ya ƙage ta sassauta.

Bayan la'asar Raudatu ta gama haɗawa. Sau goma sha ɗaya ta gwada da ruwa, ko ɗigo bai zuba ba. Ta ɗaure hannun a gefen tebur, ta tura matakin keken ɗinkin da ta jona masa zuwa ƙarƙashin kujerar Malam, ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Malam Shehu ya taka da ƙafa. Hannun ya taso ta dama, a hankali, ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallon gwiwar.

Sannan ya buɗe baki ya karɓi cokalin kunun da hannun ya kawo masa. Tun da hannayensa suka shanye Malam Shehu, mahaifinta, yake ƙin a ba shi abinci a baki, sai yau ya sha da kansa.