Ranar da Ciyaman Ya Toshe Mantau

Tun da aka liƙa wa kowa na'urar ji a kunne, duk wanda mai mulki ya toshe a shafinsa na sada zumunta, babu mai ƙara jin muryarsa.

Ranar Laraba Ciyaman ya sa hoton sabon famfon unguwa. Mantau mai gyaran famfo ya rubuta a ƙarƙashin hoton cewa ko bututu babu a cikinsa. Kafin azahar aka toshe shi.

Matarsa Hansatu ta fito sayen gishiri, ta tarar 'yan bangar Ciyaman sun kwantar da shi a bakin kasuwa suna zabga masa gora. Bakinsa a wangale, jini na bin haƙoransa, amma ƙarar gora kawai take ji. Mutane na ta cinikinsu, ko kunya babu.

Ta cafki rigar wani ɗan sanda. "Yallaɓai, za su kashe shi!"

"Baiwar Allah, kin ji ya nemi taimako? Ni ban ji ba."

Ta san duk wanda ya cire na'urar, toshe shi ake yi. Ta sa farce ta fincike ta har da fata, sai muryar mijinta ta shigo.

"Hansatu, mayar da ita! In aka toshe ki, muryar wa yara za su ji?"